Shekara biyu ina shuka fasnif a Manchesta ban ci mai kyau ba, ina matsalar take?

Wata baiwar Allah mazauniyar Manchesta a Ingila ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce tana da ɗan lambu a bayan gida, karas da alayyafo da albasa duk suna yi mata, amma fasnif, wanda wasunmu a nan ke kira farin karas, ya gagare ta. Shekarar farko ta shuka shi a watan Fabrairu kamar yadda aka rubuta a bayan takardar irin, ko ɗaya bai fito ba. Shekara ta biyu ta ɗauko ragowar irin ta yafa a faranti cikin gida, 'yan kaɗan suka tsiro, ta dasa su a fangalin da ta zuba wa takin kaji. Da ta tone a Satumba sai ta tarar duk sun yi rassa kamar yatsun hannu, wuyansu ya yi tsatsa-tsatsa yana ruɓewa, ɗanɗanon kuma salam. Tana tambaya ko ƙasarta ce ba ta karɓarsa.

Hajiya, ƙasarki ba ta da laifin da ba ya gyaruwa. Duk abin da kika lissafa na gan shi da idona a filin da nake haya a nan arewacin Ingila, wasu ma ni na fara aikata su kafin ke. Tushen matsalar ɗaya ne: kin ɗauki fasnif kamar karas. Ba ki yi laifi ba, don dangi ne, gidansu ɗaya da karas da ganyayen girkin nan fasli da seleri, siffarsu ma kusan ɗaya. Amma kama da wane ba ta wane. Karas yana yafe wa mai lambu kurakurai da yawa. Fasnif ba ya yafiya a watansa na farko, in kuwa ya wuce wannan watan lafiya, babu abin da ya kai shi sauƙin sha'ani a lambu.

Bari mu fara da iri, don nan ne rabin mutane ke faɗuwa ba su sani ba. Irin tumatir zai yi shekara huɗu ko biyar a leda ya fito, na karas ma yakan kai uku. Irin fasnif kuwa rayuwarsa gajeriya ce ƙwarai. Ki dube shi da kyau a tafin hannunki: falan-falan ne kamar ɓawon takarda, ba nauyi, ɗan abin da ke cikinsa ƙanƙane ne. Da ya shekara, musamman in an buɗe takardar ya sha ɗumin kicin, yawancinsa ya mutu ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ragowar da kika ajiye daga bara, da ma 'yan kaɗan ne za su tsiro ko da kin yi komai daidai. Ki sayi sabo kowace shekara, ki duba kwanan watan da aka rubuta a jiki, abin da ya rage kuma ki raba wa maƙwabta a shekarar. Ajiye shi ba tattali ba ne, asarar damina guda ce. In kina shakkar irin da ke hannunki, ki ƙirga ƙwaya 10 ki ɗora a kan tishu mai lema cikin roba mai murfi, ki ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan mako biyu zuwa uku ki duba. In biyu ko uku kawai suka fito da farin baki, ki zubar da takardar gaba ɗaya.

Sai maganar Fabrairu. Wannan shawara ce ta gado, ana ta maimaita ta a bayan takardun iri, kuma ni ban yarda da ita ba ga mai lambun gida, balle a Manchesta inda ruwa ba ya ɗaukewa. Dalilin masu cewa a shuka da wuri shi ne fasnif yana daɗewa a ƙasa, wata huɗu zuwa shida kafin ya nuna, suna so a samu manya-manya. Amma a Fabrairu ƙasa tana da sanyi kuma jagab take. Irin da da ma ba shi da ƙarfi, in ya kwanta cikin laka mai sanyi mako biyar ko shida, ruɓewa zai yi kafin ya motsa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Sai ƙasa ta haura digiri 8 ake fara maganar tsiro, kuma ya fi jin daɗi daga digiri 10 zuwa sama. A arewacin Ingila wannan yana nufin tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu. Ba sai kin sayi ma'aunin zafi ba. Ki duba fangalin da kika gyara: ranar da kika ga ƙananan ciyayi sun fara tsattsafowa ko'ina kamar an barbaɗa su, ƙasa ta farka, ki shuka. Ni ina shuka nawa a makon ƙarshe na Afrilu, kuma sau da yawa suna tarar da na maƙwabcina da ya shuka tun Maris, su wuce su.

Ko a lokacin da ya dace, fasnif ba ya gaggawar fitowa. Mako biyu zuwa huɗu abu ne da aka saba. A wannan tsakanin abu biyu ke kashe shi: bushewar saman ƙasa, da kuma mai lambu da kansa, wanda ya gaji da jira ya ɗauka abin ya mutu ya sa fartanya ya share layin. Ga yadda nake yi. Nakan ja layi mara zurfi, santimita ɗaya da rabi, kamar rabin gaɓar yatsa, in fara zuba ruwa a cikin layin tukuna ya tsotse, sannan in ajiye ƙwaya uku wuri ɗaya, in matsa gaba santimita 15 in sake ajiye uku. Tsakanin layi da layi santimita 30. Ki zaɓi ranar da babu iska, in ba haka ba rabin irin zai tashi daga hannunki ya sauka a lambun maƙwabta. A tsakanin gurbi da gurbi nakan jefa ƙwayar radis ɗaya-ɗaya, wato wata 'yar saiwa mai saurin girma da ake ci ɗanya. Shi radis kwana biyar zuwa bakwai ya fito, sai ya nuna miki inda layin yake, ki iya cire ciyawa ba tare da fargaba ba, kuma kafin fasnif ya buƙaci wurin kin riga kin tuge shi kin cinye. Bayan an rufe, kada saman ƙasar ya bushe ko sau ɗaya har tsiro ya bayyana. In an samu kwanakin rana da iska a Mayu, ki yayyafa ruwa kullum da bututun ban ruwa mai ƙananan huji, ko ki shimfiɗa farin mayafin lambu a kai. Ki kuma sa ido kan dodon koɗi marar kwanso, wanda ya cika lambunan ƙasar nan. Dare ɗaya ya ishe shi ya aske layi guda, ki wayi gari ki ce iri ne bai fito ba.

Idan sun yi ganye biyu na gaskiya, wato banda siraran nan biyu na farko, sai a yi cira kamar yadda ake wa gero a gida: kowane gurbi a bar ɗaya mafi ƙarfi. Ki sa farce ko almakashi ki datse sauran daga gindi maimakon tugewa, don kada ki girgiza saiwar wanda kika bari.

Yanzu ga abin da ya mai da naki yatsun hannu. Abin da muke ci a fasnif saiwa ce guda ɗaya, wadda tun ranar da irin ya fashe take nufar ƙasa kai tsaye. Bakinta siriri ne kamar zare. Duk abin da ya taɓa wannan bakin, ya karye ko ya lanƙwashe, shi ke nan, sai saiwoyin gefe su karɓi aikin, kowace ta yi kauri ta kama gabanta. Kafin ki ga ganye a farantinki, saiwar ta riga ta kai gindin farantin ta naɗe. Da kika ciro ta kika dasa, kin ƙarasa ta. Fasnif ba abin dashe ba ne kamar albasa ko tattasai, inda aka shuka shi nan zai rayu. Akwai masu shuka shi cikin kwalin tsakiyar tishun bayi, su binne kwalin gaba ɗaya da zarar tsiro ya leƙo. Yana yi, amma sai an yi sauri sosai, in an makara kwana uku saiwar ta fito ta ƙasan kwalin. Dabarar da na fi so ga wanda yake son tabbaci ita ce ta tishu mai lema ɗin nan da na faɗa: a jiƙa irin a kai, ana dubawa kullum, da zarar farin baki ya ɓullo kamar kan allura a ɗauke shi a hankali a kai shi gurbinsa a ranar. Ba a bari ya yi tsawo.

Takin kajin ma ya taimaka wajen ɓata miki aiki. Ɗanyen taki, na kaji ne ko na shanu ko na doki, yana ƙona bakin saiwa, yana kuma zama dunƙule-dunƙule a ƙasa, saiwar ta riƙa rarrabuwa tana bin su. Ga shi kuma yana sa ganye ya yi ta haukan girma a bar ƙasa ba komai. Mu da muka taso muna ganin taki shi ne gatan gona, da wuya mu yarda cewa akwai shukar da ba ta so. To, wannan ba ta so. Wurin da ya fi dacewa da fasnif shi ne fangalin da aka zuba wa taki bara aka noma wani abu, kamar kabeji ko wake ko dankalin Turawa, bana sai ya ci sauran. Abin da yake buƙata daga gare ki shi ne ƙasa mai laushi mai zurfi, aƙalla santimita 30, ba tsakuwa, ba ɓaraguzan bulo, abin da bayan gidajen Ingila ba sa rabuwa da shi.

Filina yumɓu ne mai nauyi, in ya jiƙe ya kama takalmi, in ya bushe ya zama kamar daɓe. Shekarun farko na sha wahalar kaftu ina tsince duwatsu, har wani dattijo Bature da ke fili kusa da nawa, wanda yake kai kayan lambunsa gasa, ya nuna mini hanyar da ta hutar da ni. Ya ɗauko ƙarfe mai tsini irin dagi, ya soka shi ƙasa kamar santimita 40, ya riƙa juya shi yana kewayawa har ramin ya zama kamar mazurari, sama da faɗi ƙasa da tsini. Ya cika ramin da ƙasar da ya tankaɗe a rariya haɗe da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, ya danna da hannu, ya ajiye ƙwaya uku a tsakiya. Ya ce mini saiwar za ta bi ramin kamar an zuba ta a ma'auni, kuma haka aka yi. Rami 30 aikin yini ɗaya ne, kuma fasnif 30 sun ishi gida guda hunturu. In kuma ba ki son wannan wahalar, ki nemi irin da ba ya zurfi, kamar White Gem, ko ki shuka a babban bokiti ko rabin duro mai zurfin santimita 45 da kika huda gindinsa.

Tsatsar da kika gani a wuyansu cuta ce da Turawa ke kira kanka. Ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna, suna zaune a ƙasa da kan ganye, ruwan sama ya wanko su zuwa wuyan saiwar, su shiga ta duk inda fata ta tsage. Babu maganin feshi da mai lambun gida zai saya, sai dai kariya. Ta fi kama manya waɗanda aka shuka da wuri, masu faɗin kafaɗa da ke tsagewa, kuma ta fi ƙarfi a ƙasa mai riƙe ruwa. Kin ga wani dalilin jinkirta shuka ke nan. Ki ɗan matse tazarar zuwa santimita 10 in kina so, ki samu matsakaita masu lafiya, sun ma fi daɗin dafawa. Idan kafaɗar ta fara leƙowa a Yuli ko Agusta, ki jawo ƙasa ki rufe ta. Ciyawar da ke kusa da gindi da hannu za ki cire, don ɗan kuskuren fartanya ƙofa ce ga cutar. Kada ki maimaita fasnif ko karas a fangali ɗaya shekara biyu a jere. In ƙasarki mai tsami ce, ɗan farar ƙasar lambu da kaka yana taimakawa. Mafi sauƙi duka kuwa shi ne zaɓen iri mai juriya. Gladiator shi nake shukawa shekara da shekaru, Albion da Javelin ma suna da kyau. Tender and True tsohon iri ne mai daɗin gaske, amma dogo ne, yana son ƙasa mai zurfi. Kuma ki sani, in tsatsar ba ta yi zurfi ba, yanke wurin kawai ake yi a dafa sauran.

Akwai kuma ƙudan karas, wanda ke ajiye ƙwai a gindin shuka, tsutsarsa ta huda saiwar ta bar hanyoyi masu launin tsatsa, kankar ta biyo ta nan. Yana tashi wajen Mayu da Yuni, ya sake dawowa Agusta zuwa Satumba. Ƙamshin ganye ne ke kiransa, shi ya sa ake yin cira da yamma a kwashe abin da aka cire a kai nesa. Raga mai ƙananan ido irin gidan sauro, a lulluɓe fangalin a binne gefenta, ita ce maganinsa. Tunda kina noma karas, wataƙila kina da ita.

Daga Yuni zuwa kaka kusan babu aiki. Saiwarsa ta yi nisa, ba ya jin ɗan fari. In an yi mako biyu ba ruwa, ki ba shi sosai sau ɗaya ya ratsa ƙasa, ya fi yayyafi kullum. Abin da ba ya so shi ne ya bushe ƙayau sannan a kwarara masa ruwa, nan ne yake tsagewa.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, don ni na ɗanɗana. Wata rana a Yuli, ana rana sosai, na shiga cikin layukan da riga mai gajeren hannu ina cire ciyawa ina karya ganyen da ya kwanta. Ban ji komai ba a ranar. Kwana biyu bayan nan sai ga jan layi-layi a damtsena da bayan hannuna, suka ɗuri ruwa kamar ƙunar tafasasshen mai. Ruwan ganyen fasnif yana da wani sinadari wanda shi kaɗai ba ya yin komai, amma in yana kan fata hasken rana ya same shi, sai ya ƙona ta. Ƙurajen sun warke cikin mako biyu, amma baƙin tabon ya fi wata shida a hannuna, kuma irin fatarmu ta fi riƙe tabo. Ki sa safar hannu da riga mai dogon hannu duk ranar da za ki taɓa ganyen, ki hana yara wasa a ciki. In ya taɓa ki, ki wanke da sabulu nan take, ki rufe wurin daga rana kwana biyu, in ya tashi sosai ki ga likita. Saiwar da ake ci ba ta da wannan matsalar a kicin.

Maganar ɗanɗano kuwa, kin yi saurin tonewa ne kawai. A Satumba abin da ke cikin saiwar gari-gari ne kamar na rogo. Sai sanyi ya sauka sosai, irin wanda ake wayar gari raɓa ta daskare ta yi fari a kan ciyawa da gilashin mota, sannan shukar take juya wani ɓangare na wannan garin ya koma sukari, don ta kare kanta daga daskarewa. Wannan zaƙin ne ya sa mutanen Turai suka riƙe fasnif a matsayin abincin hunturu tun kafin dankalin Turawa ya iso musu daga Kudancin Amurka, har suna zaƙaƙa abinci da shi lokacin da sukari ke da tsada, kuma har yau gasasshen fasnif ba ya rasa teburin Kirsimeti a Ingila. Ki bari sai Nuwamba, bayan irin wannan sanyin ya sauka sau biyu ko uku. Ganyen zai mutu ya kwanta, ba komai, ki kafa 'yan sanduna a bakin layi don ki gane wurin. Ƙasa ita ce rumbunsa: ki riƙa tono na girkin yau kawai har zuwa Fabrairu. Da cokali mai yatsu na lambu ake tonowa, a soka shi nesa kaɗan da gindi, a zurfafa, a ɗaga a hankali. In kika kama wuya kika ja kamar karas, rabi zai biyo ki rabi ya zauna. In an yi hasashen ƙasa za ta daskare mako guda, ki tono 'yan kaɗan tun da wuri ki binne su a akwati cikin yashi mai ɗan lema a rumfar ajiya.

Kafin Maris ya yi nisa ki kwashe duk abin da ya saura. Fasnif shukar shekara biyu ce: shekarar farko tana tara abinci a saiwa, ta biyu ta kashe shi wajen fitar da kara da fure. Da kin ga sabon ganye ya fara tohowa, zuciyar saiwar ta soma zama itace. In kina sha'awar irin kanki, ki bar wasu masu kyau su yi fure, karan yakan kai tsayin ƙirjin mutum da fure ruwan ɗorawa kamar lema, kuma irin da kika girbe a Agusta kika shuka a Afrilu ya fi na kanti fitowa nesa ba kusa ba. Amma wannan sai da tsofaffin iri kamar Tender and True ko Hollow Crown. Masu alamar F1 a takarda, irin su Gladiator, haɗin aure ne, 'ya'yansu ba sa kama da su.

Na san akwai masu karantawa daga gida da za su ce ko za a gwada a Kano ko Zariya, tunda karas yana yi da rani. Karas wata uku ya ishe shi, yana shiga cikin sanyin hunturu ya fita kafin zafi. Fasnif yana buƙatar kusan ninki biyu na wannan, zafin Maris da Afrilu zai riske shi a ƙasa, kuma sanyin da ke zaƙaƙa shi ba ya sauka. Wanda ke Jos, inda tudu ya kai mita 1,200, shi ne ke da ɗan dalilin gwadawa a fangali ɗaya, ya shuka da ɗaukewar damina, in ya tone ya ajiye saiwar mako biyu zuwa uku a wuri mafi sanyi na firij kafin a dafa.

Ke kuwa Hajiya, bana ki sayi sabuwar takardar Gladiator a Maris, ki ajiye ta a aljihun tebur har ciyawa ta fara tsattsafowa, ki zaɓi fangalin da bai ga takin kaji ba, ki shuka kai tsaye. In Allah ya kai mu Nuwamba, ki fere guda uku ki tsaga su a tsaye, ki shafa musu mai da gishiri da ɗan yaji ki gasa har gefensu ya yi ja. In kuma farfesu za ki sa shi, ki rage yawa, don zaƙinsa ya ɗara na karas, ya kusa na dankalin Hausa, zai iya rinjayar romon.